Igiyar da Ba a Ja Ba

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Yaya ya gaya mini har yanzu ka ƙi sa na'urar kunnen da ya sayo maka, wai abin da ka ji a duniya ya ishe ka. To ka ci nasara, Baba, ga ni na koma biro da takarda, tunda in na kira ka a waya ni ke ihu, kai kuma kana amsa tambayar da ban yi ba. Mu nan lafiya lau. Surukinka yana gaishe ka. Amaryarka ta fara makaranta, ta ce in ba ka aiko mata da jaka mai hoton kyanwa ba ta fasa auren.

Baba, ba shawara nake nema ba. Kai ka koya mini cewa alƙali ba ya ɗaukar shari'ar da ke gabansa ya kai ta tabarmar gida, don haka kada ka ce mini komai a kan abin da zan rubuta sai na yanke hukunci. So nake kawai in faɗa wa wanda ya taɓa zama a kan irin wannan kujera.

An kawo mini shari'ar kisan kai. Wanda ake tuhuma mai haƙar rijiya ne, Dogo kowa ke ce masa, kuma ba a yi masa ƙarya ba, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kotu. Marigayin abokin aikinsa ne, ana ce masa Bahago, shi ne kuma mijin ƙanwarsa. Tun suna samari tare suke neman abinci: yau ɗaya ya shiga rami ɗaya ya tsaya a baki riƙe da igiya, gobe su yi musanya.

Suna haƙar wata rijiya ce a bayan wani kango a bakin gari. Ranar da abin ya faru Bahago ne a ciki. Da rana tsaka Dogo ya jawo fallayen kwano ya rufe bakin rijiyar, ya ɗora musu dutse, ya tafi gida ya yi wanka ya zauna. Bai yi kururuwa ba, bai kira kowa ba. Da la'asar ƙanwarsa ta zo tambayar mijinta, ya ce mata yana wurin aiki. Washegari ya kai kansa wurin 'yan sanda ya ce ya kashe mutum. Babu ganau ko ɗaya.

Da magatakarda ya karanta masa tuhuma, bai ma bari an kai ƙarshe ba ya ce ya aikata. Na bayyana masa cewa a laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya amsa, kotu rubutawa take yi bai amsa ba, sai an kawo hujja. Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Ranki ya daɗe, ɓata lokaci ne. Ana jirana."

Na ɗauka iyali yake nufi. Lauyansa, wani dattijo daga ofishin masu kare marasa ƙarfi, ya ce ba shi da mata ba shi da ɗa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma, namu yana cin mutum biyu. Dogo ba ya tsayawa a tsakiya. Yana maƙalewa a gefe ɗaya har kafaɗarsa tana gugar katako, ya bar wurin mutum guda a kusa da shi. Gandiroba ya tura shi tsakiya, ya koma. Kuma duk tambayar da aka yi masa, kafin ya amsa sai ya karkata kansa ƙasa zuwa wannan gefen, yadda dogon mutum ke yi in gajere yana yi masa raɗa. Wani lokaci har ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗago ya ba da amsa, tsaf, ba ruɗu.

Na sa likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi. Ya ce da hankalinsa, ya san inda yake, ya san abin da ake tuhumarsa da shi, baƙin ciki ne kawai ya yi masa yawa. To Allah ya sa haka.

Ka gaida Umma, ka ce mata maganin da ta aiko ya iso. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaya gwiwar, da sauƙi? Na ji an ce ka koma fita masallaci da sanda, na yi murna. Jakar kyanwa ta iso, aure yana nan daram.

Mun fara sauraron shaidu. Lauyar gwamnati yarinya ce mai kaifi, ba ta da na biyu a tsara magana. Ta kawo mai shayin da ke kusa da kangon. Ya ce kwanaki kaɗan kafin abin, mutanen biyu sun yi cacar baki a bencinsa, don Bahago ya doki matarsa, har Dogo ya ce masa wata rana a rijiyar nan zai binne shi. Dattijon lauya ya tambaye shi ko ya ɗauki maganar da gaske. Ya ce ina, ai bayan nan kofi ɗaya suka raba.

Sai ɗan sandan da ya rubuta jawabin Dogo. Dattijo ya miƙe zai ce tilasta shi aka yi, sai Dogo ya ɗaga hannu daga akwati ya ce babu wanda ya taɓa shi, har ruwan sanyi suka ba shi. Ka ga lauya ya zauna kamar an zare masa laka. Na karɓi jawabin. A ciki Dogo ya ce yana jawo Bahago sama, da ya kusa fitowa sai ya sa wuƙa ya yanke igiyar.

Baba, an kawo igiyar. Na sa an warware ta a gabana, daga teburin magatakarda har bakin ƙofa. Lafiyarta ƙalau. Ba yanka, ba ƙulli, ba inda ta tsinke.

Likitan da ya binciki gawa ya ce babu karaya, babu rauni, ko ƙwarzane babu. Hayaƙi ne ya kashe shi. Mai kangon ya cika sauran: ruwa ya fara tsattsafowa a ramin yana hana su aiki, sai suka hayo ɗan injin jan ruwa mai amfani da fetur. Tiyonsa bai kai ƙasa ba, Bahago ya ce a zura injin ciki. Mai kango ya ce da idonsa ya ga an zura, ya kuma ji Bahago ya tayar da shi a can ƙasa, sannan ya tafi harkarsa.

Yana faɗin haka Dogo ya karkata kai, ya saurara, ya ɗago ya ce ya tuna, ba wuƙa ba ce, dutse ya sakar masa a ka. Na ce ya yi shiru sai an zo kansa. Likita dai ya ce kan marigayin lafiya lau yake.

Duk da haka lauyar gwamnati ba ta karaya ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce mutum ya yi barazana, shi aka gani na ƙarshe da marigayi, shi ya rufe rami ya danne da dutse, ya yi wa matar ƙarya, sannan ya kai kansa. Ta ce zare ɗaya ba ya ɗaure akuya, amma in aka tufka su har sa suna riƙewa. Ina sauraronta ina tuna maganarka, cewa in babu ganau, sai alamu sun toshe kowace ƙofa sun bar guda ɗaya tak, kuma iƙirari ma baƙo ne, sai an tambaye shi wa ya san shi a garin. Wannan iƙirari kuwa duk wanda na tambaya cewa yake bai san shi ba. Igiya ta ƙaryata shi, gawa ta ƙaryata shi. Na saba da masu ƙarya don su tsira. Ban taɓa ganin mai ƙarya don a rataye shi ba.

Akwai wani abu kuma, kada ka yi mini dariya. Tsohuwar da ke share mana kotu ta same ni a ofis ta ce a yi wa gandirobobi magana su riƙa goge ƙafa. Wai duk ranar wannan shari'a sai ta tarar da jar laka mai danshi a cikin akwatin. Na je na duba bayan an tashi. Tana nan, kamar cikin tafin hannu, a gefen da Dogo ba ya tsayawa. Na taɓa, da sanyi. Gandiroba ya ce farfajiyar gidan yari siminti ce, motarsu kuma har bakin matakala take kawo su. Magatakarda ya ce wataƙila rufi ke yoyo. An daɗe ba a yi ruwa ba, kuma ban taɓa jin rufin da ke yoyon laka ba, amma na karɓi maganarsa, don ina bukatarta. Tsohuwar ta ce daga yau sai an tsaya mata za ta share wurin.

Na yanke shawarar kotu za ta je ta ga rijiyar da idonta. Zan rubuto maka in mun dawo. A gaida Umma da su Yaya.

Taka har kullum,
Auta

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Umma da kowa.

Mun je. Rana ce ƙwal, ko girgije babu. Kangon yana nan yadda aka bar shi, bulo ya kai taga ya tsaya, ciyawa ta fito a ɗakuna. Rijiyar tana bayansa, tulin jar ƙasar da suka fitar ya bushe ya tsage. Unguwa ce mai mutane, amma babu wanda ya fito kallo, kai ka san kuwa yadda motar gidan yari ke tara jama'a. Ƙofofi a rufe, ko kaza ban gani ba.

Aka ɗage kwanon. Wani sanyi ya taso mai warin laka. Faɗin ramin bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa ba. Na dafa gwiwa na leƙa. Can ƙasa na hango ɗan farin abu kamar ƙwandala, sai daga baya na gane sama ce a cikin ruwa, baƙin ɗigon da ke tsakiyarta kuma kaina ne. Ina cikin kallo na ji wani sauti daga ƙasa, irin na mutumin da ya gyara murya zai yi magana. Na san ƙasa tana zubewa a rami, na san kwaɗi suna zama a rijiya. Amma gandiroban da ke kusa da ni ya ja da baya a daidai lokacin da na ja. Muka dubi juna.

Dogo kuwa tunda muka sauka yake tsaye shiru da ankwa a hannu. Da aka matso da shi don ya nuna inda ya tsaya ranar, sai ya durƙusa a bakin ramin. Lauyansa ya yi ta yi masa alama, bai kula ba. Na tuna masa cewa nan ma kotu ce, duk abin da ya faɗa za a rubuta. Ya ce ya sani. A karon farko bai karkata kai ba, ramin yake kallo.

Ya ce da safiyar ranar ya biya gidan ƙanwarsa ya tarar idonta ɗaya a kumbure. Haka suka fito aiki shi da Bahago. Bahago ya sauka, ya kwance igiyar daga ƙugunsa don ya ji daɗin aiki, ya tayar da injin. Can sai igiya ta motsa a hannunsa, alamar da suke yi in na ciki yana son fita. Sai ya ji, "Dogo, ja ni." Ya ce a ransa, bari ya ɗan ɗanɗana abin da take ɗanɗana. Ya ɗaga kai yana kallon wata shirwa da ke shawagi. Aka sake kira, aka sake. Ya ce bai san iya tsawon lokacin ba. Da ya ja, igiya ta taho sakayau, ba kowa a jikinta. Ya leƙa, hayaƙi ya rufe komai. Can injin ya mutu don kansa. Ya yi ta kira, shiru. Ya ce sai da ya rufe da kwano ya juya zai tafi sannan kiran ya dawo, kuma tun ranar bai tsaya ba.

Na tambaye shi, to me ya kawo zancen wuƙa da dutse? Ya ce, "Shi ya ce in faɗi haka. Ya ce in na faɗi gaskiya za ku ce ba laifi ba ne."

Ƙanwarsa tana tsaye a inuwar kango, mayafi a baki. Ba ta yi kuka ba.

Baba, wannan labari na uku ya shige ni yadda na baya ba su yi ba. Mai riƙon igiya ran ɗan'uwansa ne a hannunsa, in ya ji kira ya ƙi ja da gangan, ai ba sai ya ɗauki wuƙa ba. Kuma babu igiya ko gawa da za ta ƙaryata shi. Sai dai babu abin da zai gaskata shi, ban da bakin da ya riga ya yi mini ƙarya har sau biyu.

Da muka dawo na sake kiran likitan da ya binciki gawa. Ya ce irin wannan hayaƙi ba ya sallama, mutum kasala yake ji, ƙafafu su saki, ya sulale. Ya ce ko da ya iya buɗe baki, ƙarar inji a ƙunƙuntaccen rami za ta haɗiye muryar. Lauyar gwamnati ta ce zai iya rantsewa marigayin bai yi kira ba? Ya ce rantsuwa sai wanda yake wurin, shi dai abin da ya sani ke nan. Ƙanwar ma ta yi shaida. Ta amsa cewa an doke ta. Ta ce yayanta tun suna yara haka yake, ko tulu ne ya fashe a gida shi zai ce shi ne, don kada a doki wani.

An rufe shaida, saura ni. Abinci ba ya shiga, surukinka ya ce na rame. Jiya da azahar ina ofis ni kaɗai, famfon banɗaki ya yi wannan gurnani da yake yi in ruwa zai zo, sai ga ni tsaye a baranda ba takalmi.

Ka yi mini addu'a, kai da Umma.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Umma. Ina fatan jiki da sauƙi.

Na yanke. Na sallame shi, na wanke shi.

Na rubuta cewa mutum ya ba ni labari iri-iri a kan mutuwa guda. Na wuƙa da na dutse, abin da ido ke gani ya rushe su. Na ƙarshe bai zo da mai mara masa baya ba, shaidar likita kuma ta karkata ga cewa da wuya ya faru. Barazanar da aka yi a wurin mai shayi magana ce ta fushi, wanda ya ji ta ma bai ɗauke ta da nauyi ba. Rufe rami da yin shiru aikin mai laifi ne, amma kuma aikin wanda firgici ya ɗauke wa hankali ne. Injin kuwa marigayi ne ya tayar da hannunsa. Ƙofar haɗari a buɗe take, ban iya rufe ta ba, kuma ba zan aika mutum ga igiyar rataya ta gaban buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Na karanta muryata ba ta yi rawa ba, ka san 'yar wa ce.

Ina rufe baki mahaifiyar Bahago ta miƙe. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, tun da aka fara shari'ar take zama a bencin baya, ban taɓa jin muryarta ba. Ta ce, "'Yata, mutum ya ce shi ya kashe, ke kin ce ba shi ba ne. Kin fi shi sani?" Ɗan sandan kotu ya yi kanta, na ce ya bar ta.

Dogo bai motsa ba. Aka cire masa ankwa, ya bar hannuwan a haɗe. Magatakarda ya ce masa ya fito, an sake shi. Ya karkata kai ya daɗe yana saurare, fuskarsa tana sauyawa kamar ta yaron da ake yi wa faɗa. Sannan ya dube ni ya ce, "Ranki ya daɗe, to wa zai faɗa masa? Ni ba ya jin tawa."

Na tashi na shige ofis na kulle.

An ce mini sai da ƙanwarsa ta shiga akwatin ta kamo hannunsa. Da za su fita ta ƙaramar ƙofar, ya tsaya ya matsa gefe, ya jira, sannan ya bi baya.

Yanzu na ba ka izini, Baba, ka faɗi abin da ke ranka. In na yi kuskure kada ka rufa mini.

Mai jiran amsarka,
Auta

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Umma, takardarka ta iso, na gode. Na buɗe ina tsammanin shafuka, sai na tarar da layi biyu, wai da kai ne haka za ka yi, kuma da kai ne kai ma ba za ka iya cin abinci ba. Na yi dariya, na yi hawaye. Gwamnati ba ta ɗaukaka ƙara ba, har na fara cewa magana ta mutu.

Shekaranjiya dattijon lauya ya nemi ganina. Ya ce ba a matsayin lauya ya zo ba, saƙo ya kawo, amma sai ya fara ba ni labari.

Tunda aka saki Dogo yake zaune a gidan ƙanwarsa, ba ya fita, ba ya barci, kullum kai a karkace. Mai kango ya sa rana za a cike rijiyar, magina har sun dawo aiki. Ana gobe cikewa, da hantsi, Dogo ya ce wa ƙanwarsa ta raka shi ya kwaso kayan aikinsa. Suna isa ta ga injin jan ruwa a ajiye, ashe ya riga ya hayo. Ya ce mata likita ya ce ba a iya kira, alƙaliya ta yarda, shi kuma ya ji da kunnensa, to yau za a san mai gaskiya. Ya zura injin, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya naɗa ɗaya bakin a ƙarfen da ke gicciye a kan ramin, ya sa mata a hannu. Ya ce in ta ji kira ta ja, in ba ta ji ba ta bar shi. Ta riƙe rigarsa, ya fizge, ya sauka.

Injin ya tashi. Ta ce ƙarar har a ƙirjinta take ji, hayaƙi ya fara fitowa. Tana ta ihun a zo, magina biyu suka sauko a guje. Suna isowa, su ukun suka ji murya daga ƙasa, tar, ta keto ƙarar injin. Suka ja. Dattijon ya ce ya ga tafukan hannunta, fatar duk ta saɓule. Suka fito da shi a sanƙame, aka yi asibiti da shi, Allah ya sa da sauran kwana.

Da ya farfaɗo ya rantse bai buɗe baki ba. Ya ce ya ja numfashi zai yi kira, daga nan bai sake sanin komai ba.

Dattijon, da yake hali zanen dutse ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Magini na farko ya ce "ja ni" ya ji. Na biyu ya ce shi dai "ja shi" ya ji, har ya yi mamaki ko mutum biyu ne a ciki. Dukansu ba su san muryar Dogo ba, ba su san ta marigayi ba. Ita kuwa ta san duka biyun. Ta ce ta yi shekaru tana jin wannan murya tana kiranta daga tsakar gida, cikin fushi da cikin daɗi, ba za ta ɓace mata ba. Ta ce "ja shi" aka ce, kuma da sunan da mijinta kaɗai ke kiranta.

Baba, ka ga inda aka ajiye ni. In Dogo ne ya yi kira bai sani ba, to ana iya kira, ana iya ji, ke nan abin da ya faɗa a bakin rijiya mai yiwuwa ne, kuma ginshiƙi ɗaya na hukuncina ya tsage. In kuwa ba shi ba ne, wannan ba shari'ar kotuna ba ce. Dattijon ya tambaye ni, da na san wannan tun farko, da na sauya? Na yi tunani na ce masa a'a. Mai yiwuwa daban, tabbas daban, ba a rataye mutum a kan mai yiwuwa. Har yanzu a nan nake tsaye. Amma na faɗa ne ina kallon tebur.

An cike rijiyar washegarin ranar da Dogo ya shiga. Ƙanwar da tsohuwar surukarta sun tsaya tare har aka zuba shebur na ƙarshe, babu wadda ta yi wa ɗaya magana, amma hanya ɗaya suka bi suka tafi. Dogo yana asibiti har yanzu. Ma'aikatan jinya sun ce barci yake kamar wanda ya shekara bai runtsa ba, a miƙe, a tsakiyar gado.

Da dattijon zai tafi, har ya kai ƙofa, na tuna masa saƙon da ya ce ya kawo. Ya ce ai kuwa. Dogo ne ya ce a gaida alƙaliya, a ce mata ba sai ta faɗa wa Bahago ba, ya riga ya ji.

Hutun kotu ya kusa, za mu zo gaba ɗaya in Allah ya yarda. Ka gaida Umma da kyau, ka ce ta gyara mini ɗakina na da. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya bar mana kai.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta